Ƙwayar cuta ba iri ɗaya ba ce

  

Lokacin da muke lakkwal franko-arab, malamin Larabci yana ce mana jarasim, na Faransanci yana cewa mikrob, in mun koma gida kuma a ce ƙwayar cuta. Duk na ɗauka halitta guda ce. Sai da na shiga jami'a na gane cewa a cikin wannan suna akwai halittu biyu manya da ba su haɗa dangi ba: bakteri da birus, wanda rediyoyin Najeriya ke kira bairas. Rashin bambanta su yana cinye mana kuɗi, wani lokaci har da rai.

Bakteri halitta ce mai rai da kanta. Tana ci, tana girma, tana da katanga da ta kewaye ta, kuma tana rabewa biyu. In wuri ya yi mata daɗi, wata takan rabe duk minti 20, ka ga cikin awa bakwai guda ɗaya ta haura miliyan biyu. Wani Baholande, Leeuwenhoek, shi ya fara ganinta da madubin da ya wasa da hannunsa a 1676. Kuma kar ku tsane ta duka: ita ke mayar da madara kindirmon da muke dama fura da shi, ita ce a ƙullutun saiwar wake da gyaɗa tana gyara mana gona.

Birus kuwa ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ya ci, ba ya girma. Ku ɗauke shi kamar irin ƙuduji: yana kwance a ƙasa shiru, sai ya samu saiwar hatsi sannan ya tashi. Haka birus, sai ya kutsa cikin ƙwayoyin jikinka ya sa su buga masa kwafinsa dubbai. Ƙyanda, shan inna, mura, korona, duk aikinsa ne.

To ga inda maganar take. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, da danginsa irin su amoksisilin, katangar bakteri suke rusawa. Birus ba shi da wannan katanga. Saboda haka in yaro yana mura ka tsaya wajen mai tallar magani a kasuwa ka saya masa kafso biyu, wallahi ba ka taɓa birus ɗin ba. Abin da ka yi shi ne ka kashe bakteri masu rauni a jikinsa, ka bar masu taurin kai su hayayyafa. Ranar da za a buƙaci maganin da gaske, sai a tarar ya daina ci. Ni kaina na sha yin wannan a ɗakin kwana na ɗalibai kafin in sani, ba wai ina nuna wa wani yatsa ba ne.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni tsoro: cutar bakteri da muke zama da ita a gida. Mu ɗauki sanƙarau. Bakterin da ke kawo annobarsa yana zama a maƙogwaron mutane masu lafiya, ba su ma sani ba, yana yawo ta tari da atishawa. In hunturu ya zo da ƙura da bushewar iska, sai ya samu ƙofa ya shiga jini, ya kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, sandarewar wuya. Jariri kuwa maɗigarsa ta kumbura, ya ƙi mama. Yana iya kashewa cikin kwana guda, wanda ya tsira kuma wani ya kurumce. Daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jiharmu ta Damagaram, 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wannan yana da magani, allura ce mai suna seftriyakson, amma sai a CSI ko asibitin Magariya, kuma sai an zo da wuri. Addu'a a yi ta a kan hanya, ba a tsaya sai gobe ba.

Birus fa? Babban makaminmu a kansa rigakafi ne: a nuna wa jiki kamannin abokin gaba tun bai zo ba. Da shi aka raba Afirka da shan inna na asali, aka bayyana haka a Agustan 2020. Shi ma sanƙarau yana da rigakafinsa, sai dai iri-iri ne. Wanda aka fara yi a Nijar a 2010 na nau'in A ne, ya kuwa karya shi. Wanda ya dame mu daga baya nau'in C ne. Don haka in wata uwa ta ce ai an taɓa yi wa ɗanta, ba ƙarya ta yi ba, bayani take buƙata.

Wasu za su ce komai ƙaddara ce. Gaskiya ne. Amma Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya ji annoba ta sauka a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa, bai ga hakan ya taɓa tawakkalinsa ba.

Mu mutanen iyaka ne. Ranar Alhamis ƴan Dungas suna Maigatari, ƴan Jigawa suna wajenmu, ƙwayar cuta kuwa ba ta nuna takarda a shinge. Roƙona ga kwamitinmu, kafin hunturun bana, a raba mu biyu-biyu, maza ga makarantun allo inda almajirai ke kwana a cunkushe, ƴan'uwa mata ga gidajen suna da islamiyyun matan aure. A faɗi alamomin sanƙarau, a duba katin rigakafin yara. Ni zan ɗauki unguwarmu in na dawo hutu, in sha Allah.