Jawabi a Kan Gidajen Mafaka Domin Matan da Ake Duka

 

Ya ku malamai da almajirai, zan fara da laifin kaina kafin na wani. Wata shekara, bayan sallar Lisha, wata mace ta yi sallama a zaurena, idonta a kumbure, da goyo a bayanta. Mijinta kuwa a sahun farko yake salla bayana. Na ce mata, “'Yata, ki yi haƙuri, aure ibada ne,” na haɗa ta da yaro ya raka ta ɗakinta. Ba a yi wata biyu ba sai ga ta wurin maɗori, hannu a karye. Iyayenta suna can garinsu, tafiyar yini guda a mota, ita kuwa ko kuɗin motar ba ta da shi. Tun ran nan nake tambayar kaina, da ban mayar da ita ba, ina zan kai ta?

To, ku sani wannan tambaya ta taɓa tasowa a birnin Landan, ƙasar Ingila. A shekara ta 1971 wata mace, Erin Pizzey, ita da waɗansu mata suka sami wani ɗan gida a unguwar Cizik domin mata su riƙa taruwa. Sai matan da mazansu ke duka suka fara zuwa da 'ya'yansu suna roƙon wurin kwana. Ta yi alkawari ba za ta mayar da kowa ba. Gida ya cika har ana kwana a ƙasa, har hukumar gari ta kai ta gaban shari'a saboda cunkoso. Sa'an nan gidaje irin wannan suka yawaita a ƙasar, a 1976 kuma majalisarsu ta yi doka wadda ta ba alƙali ikon fitar da miji mai duka daga gida. Ku duba, sadaka ce ta riga doka.

A ƙasarmu, wata ƙungiya a Ikko, Project Alert, ta buɗe irin gidan nan a 2001. Akwai kuma WRAPA, wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa a 1999, tana tsaya wa matan da ba su da halin ɗaukar lauya. A 2015 aka sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, ta soma aiki a Abuja, jihohi suka riƙa karɓarta ɗaya bayan ɗaya. Amma doka a takarda take. Ba ta biyan kuɗin mota zuwa kotu, ba ta ba yaro koko da safe. Wannan aikin masu kyauta ne.

Na san abin da waɗansunku ke raɗawa: wai gidan kashe aure ne, al'adar Nasara ce. Madalla, mu buɗe littafinmu. Wanda ya karanta Muhtasar na Shehu Halilu ya san cewa a mazhabar Maliku mace tana da ikon a raba aurenta saboda cuta, ko da cutar ba ta maimaitu ba, in dai shaida ta tabbata. Kadan kuwa ta yi ta kai ƙara shaida ba ta samu ba, alƙali ya zaunar da su tsakanin mutanen kirki waɗanda za su ga mai zalunci. In al'amari ya rikice, a aika masu hukunci biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 35. Ashe malamanmu tun dā sun san mace tana bukatar idon amintattu. Dā can yaji ne mafakarta, ta tafi gidan uba ko kawu, a zo biko, a ja wa miji kunne a gaban manya. Yau an auro yarinya daga ƙauye an ajiye ta a ɗakin haya cikin birni, maƙwabta suna jin kuka suna ƙara muryar rediyo. Wa zai yi shaida? Wa za a je wa biko?

Ku kuma almajirai samari, kada ku ce zancen magidanta ne. Cutar nan tun a wurin zance take tsira. Saurayi ya yi toshi, ya sayi waya, sai ya ɗauka ya sayi budurwa: ya ƙwace wayar ya bincika, ya mare ta don ta gaisa da wani, in ta ce ba ta so ya ce zai watsa hotonta. Ita kuwa kunya ta hana ta faɗa wa uwarta, zama tana tsoron a ce ita ta jawo. Wanda ya ɗaga hannu a ƙofar gidan surukai, me zai yi in ya rufe ƙofar tasa? Uban da ya ji labari ya mayar da kaya, ko nawa ne.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A kowace unguwa a sami ɗaki guda a gidan dattijuwa amintacciya, da sanin liman da mai unguwa, inda wadda aka fitar da dare za ta kwana. A ware wani abu daga sadakar Jumma'a domin hatsi da magani da kuɗin mota. Mai rauni a fara kai ta asibiti a karɓi takardar likita, gama ita ce shaidar da alƙali zai duba. Kada a faɗa wa miji inda take sai an zauna da waliyyinta. Sulhu alheri ne, amma a bar mata ta faɗi bakinta tukuna. Ni na ba da ɗakin da ke kusa da na mahaifiyata, da buhun gero guda. Mai son sa hannu ya same ni bayan La'asar, za a rubuta.