Girman Kamfani Da Kuɗin Mai Hannun Jari

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana muku yadda girman kamfani yake shafar riba da hasarar wanda ya sayi hannun jarinsa.

Da farko, yaya ake auna girman kamfani? Akan ninka farashin hannun jari ɗaya da yawan hannayen jarinsa duka. Misali, kamfanin da ke da hannu miliyan 100, kowanne a kan naira 5, darajarsa naira miliyan 500 ke nan.

Babban kamfani yana da kasuwa mai faɗi, bankuna kuma suna ba shi rance cikin sauƙi. Saboda haka farashin hannun jarinsa bai cika tsalle-tsalle ba, kuma ranar da mutum ya bukaci kuɗinsa ba ya rasa mai saye. Amma wanda ya riga ya ƙasaita, da wuya ya ninka kansa cikin 'yan shekaru.

Ƙaramin kamfani kuwa yana da filin bunƙasa. A 1981 wani masani, Rolf Banz, ya bi lissafin kasuwar New York ta Amurka na shekaru masu yawa, ya gano cewa ƙananan kamfanoni, in an haɗa su jimla, sun fi manya kawo riba. To, amma a lura, wannan riba ladan kasada ce. Fari ɗaya ko tashin farashin dala yana iya durƙusar da ƙarami, sa'an nan mai hannun jari ya yi makonni yana neman mai saye.

Ga misali a ƙofar gidanmu. Kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979, aka sa shi a kasuwar hannun jari a 1990. Daga baya Lafarge, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba, ya mallaki rinjaye a cikinsa. A 2017 aka fitar da Ashaka daga kasuwar, aka yi wa masu ƙananan hannaye tayin musanya da na Lafarge Africa. Ashe mai ɗan hannu ba shi ke yanke shawara ba.

Kada kuma a ɗauka girma lamuni ne. Kasuwar Nijeriya ta faɗi warwas a 2008, a 2011 kuma hukuma ta karɓe Afribank, Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shawararmu ita ce: kuɗin da za ku bukata nan kusa, kamar na makaranta ko na taki, kada ku kai shi wannan kasuwa. Abin da ya saura ku rarraba shi, mafi yawa ga manyan kamfanoni dabam-dabam, kaɗan ga ƙanana. Ku karanta rahoton shekara na kamfani, ku kuma bi ta hannun dillalin da hukumar SEC ta yi wa rajista. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.