Awon Kullum Ya Fi Tsada

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwanon hatsi. Wanda ya fi jin jiki shi ne mai awon kullum, wato gwauro da sababbin ma'aurata masu sayen gwangwani biyu na shinkafa a shagon unguwa. Duk ƙullin da ka saya, ka biya ribar dillali da ta mai shago, har da kuɗin leda. A ganina, gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi da kaka, lokacin da gero da wake suke araha a kasuwa irin ta Dawanau, su sayi buhu su raba.

Za a ce ina kuɗin buhu ga mai neman na yau? Gaskiya ne, amma adashin da ake yi don biki zai ɗauki wannan nauyi, in aka sa kwasa ta faɗo da kaka. Masu tsoron ƙwari kuma su busar da waken sosai, su cika jarka taf su toshe, ko su zuba a buhun PICS mai ninki uku. Rashin iska ke kashe ƙwarin, ba sai an barbaɗa magani ba.