Ɗan Hakin da Ka Raina: Magana a Kan Fedar Keke

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, mutumin Wurno, ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara



Da sakatare ya sanar cewa zan yi magana a kan fedar keke, na hango wasu daga can baya suna murmushi. Ban ga laifinsu ba. A zauren nan akwai likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikata, ga kuma ni da na ƙare aiki ina koyar da yara sarrafa ƙarfe, na zo da feda biyu a aljihu. To, amma kun san a zaman da ya wuce mun amince za mu sayi kekuna mu raba wa ƙannenmu 'yan jeka-ka-dawo waɗanda ke takowa daga ƙauyuka, kuma an sa ni cikin kwamitin sayayya. Kuɗin namu ne, 'ya'yan da za su hau su ma namu ne. Saboda haka na roƙi a ba ni 'yan mintoci kafin a je kasuwa.

Bari in fara da abin da ya same ni, domin da yawa daga cikinku sun san na shiga makaranta da aji ɗaya, na fita da wani, amma kaɗan ne suka san dalili. Muna aji uku, a hutun damina, mahaifina ya aike ni da buhun gero a kan kekensa Raleigh. Robar fedar dama ta daɗe da zubewa, sai sandar ƙarfe tsirara, ta yi sumul saboda taku. An kwana ana ruwa. Da na iso wani ɗan hawa sai na miƙe tsaye na danna da dukkan ƙarfina, silifas ya zame, na kife, buhu ya biyo ni. Hannuna ya karye a wuri biyu. Na yi watanni a hannun mai ɗori, jarrabawa ta wuce ni, na maimaita aji. Kuɗin sabuwar feda a lokacin bai kai kuɗin kazar da aka ba mai ɗori ba. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Jama'a, ita feda ba tare da keke aka haife ta ba. Keken farko da ƙafa ake tunkuɗa ƙasa yana tafiya. A shekarun 1860 ne maƙera a birnin Faris na ƙasar Faransa, irin su Pierre Michaux da Pierre Lallement, suka liƙa feda a jikin tayar gaba, har Lallement ya yi rajistar fasahar a Amurka a 1866. A 1885 John Kemp Starley na garin Coventry a Ingila ya fito da keke mai sarƙa da tayoyi biyu masu kusan girma ɗaya, wato kakan wanda muke hawa yau. Daga nan ne muka gaji baƙin keken nan mai kariya, ko Raleigh na Ingila, ko Phoenix na Sin, ko Hero na Indiya. Babura sun so su ture shi, amma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, duk wanda ke bin hanyoyin Birnin Kudu da Gwaram ya ga yadda aka kakkaɓe tsofaffin kekuna aka dawo da su kan hanya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Irin wannan keke giya ɗaya gare shi. Malamanmu su yi haƙuri, giyar inji nake nufi. Ma'ana, ba shi da wani maɓallin da za ka taɓa ya sassauta maka a kan hawa ko cikin rairayi. Abin da ya rage wa mahayi shi ne ya miƙe tsaye, ya ɗora nauyin jikinsa gaba ɗaya a kan feda guda, ya sauke, ya ɗora a kan ɗayar. Mai keken giya da yawa yana zaune yana juya ƙafa a hankali, shi kuwa namu tsaye yake yana kokawa. Wannan shi ya sa feda ta fi shan wahala a keke mai giya ɗaya, kuma zamewarta ta fi muni, domin a tsaye take samun mutum.

Mu ɗan tuna da darasin lissafi. A ce babban faifan sarƙa yana da haƙora 44, ƙaramin na baya yana da 18. Duk juyin feda ɗaya, tayar baya za ta juya kusan sau biyu da rabi. Taya mai inci 28 tana cin kamar mita 2.2 a juyi ɗaya, ke nan juyin feda ɗaya ya ba ka kusan mita 5.4. Yaron da zai yi tafiyar kilomita 10 zuwa makaranta zai juya feda wajen sau 1,850, ya sake yin haka a dawowa. Ku ninka wannan da ranakun zango guda. Abin da za a taka sau dubbai kullum bai kamata a zaɓe shi don araha kawai ba.

A kasuwanninmu feda iri uku aka fi samu. Ta farko ita ce tsohuwar da muka sani, mai ƙashin ƙarfe da dunƙulen baƙar roba biyu. Tana da nauyi, amma faɗinta ya isa, ba ta cin tafin ƙafa, kuma mai silifas ko wanda ba shi da takalmi zai taka ta lafiya. In ka dace da mai noti, idan roba ta cinye ana iya kwancewa a sa wata. Ta biyu ita ce ta roba zalla, wadda aka zuba a ma'auni. Ita ce mafi araha, ita ce kuma ake yawan samu a jikin sabon keke. Akwai masu kyau a cikinsu, amma mai arahar can rana tana busar da ita, sai wata rana ta tsage ta bar ka da sanda tsirara, irin wadda ta kayar da ni. Ta uku ita ce ta ƙarfe mai haƙora. Ba ta zamewa ko da cikin ruwa da taɓo, sai dai tana buƙatar takalmi mai tauri, kuma ranar da ta daki ƙwaurin yaro zai daɗe yana tunawa da ita. Ga ɗalibinmu mai sandal ko silifas, ni ta farkon nake ba da shawara.

Akwai wasu iri biyu da za ku gani a jikin kekunan gwanjo. Ɗaya tana da ɗan kwando da maɗaurin fata da ake zura yatsu a ciki. Ɗayar kuma ƙarama ce kamar kan guduma, tana kama ƙasan wani takalmi na musamman. Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da irinta a 1984, Bernard Hinault ya lashe tseren Tour de France da ita a 1985, Shimano na Japan ya biyo baya da tasa a 1990. Waɗannan na 'yan tsere ne. Idan muka sayi keken da ke da su, a cire a sa ta kowa da kowa, domin yaron da akuya ta gifta wa yana buƙatar ya dire ƙafa nan take.

A nan dole in ja kunnen kwamiti a kan kekuna iri biyu da ke kama da namu amma ba su ba ne. Keken da muka saba da shi yana da firiwil, shi ya sa a gangara kake tsayar da ƙafa kana jin ƙararsa, keke na tafiya. Akwai kuwa keke marar firiwil, wanda aka ɗaure ƙaramin faifan sarƙa tam a jikin taya. Muddin taya na juyawa, feda na juyawa, ko kana so ko ba ka so. Shi ake tsere da shi a zagayayyen fili irin wanda aka gina a Abuja don wasannin Afirka na 2003, kuma samarin manyan biranen Turai da Amurka suna sha'awarsa. A kan irinsa ana ɗaure ƙafa da feda, domin da ƙafa ake rage gudu, kuma idan ƙafa ta kuɓuce a gangara feda za ta riƙa bugun ƙwauri ba ta tsaya a sake taka ta ba. Haka nan a kwana ba ka da ikon ɗaga fedar ciki sama, tana iya dukan ƙasa ta jefar da kai, shi ya sa masu hawansa ke neman siririyar feda da gajeren hannu mai milimita 165. Ku ƙara da wando mai faɗi ko gefen riga da sarƙa za ta kama ba ta saki ba. Wannan ba keken ɗan makaranta ba ne. Gane shi ba wuya: ɗaga tayar baya ka juya ta da hannu, in feda ta bi ta, a bar shi.

Na biyun shi ne mai birki a feda, wanda idan ka mayar da ƙafa baya sai ya tsaya. Keke ne mai kyau, amma a tuna cewa birkinsa a tafin ƙafa yake, in feda ta zame birki ya tafi. Irinsa yana son feda mai faɗi mai kama takalmi, da ƙarin birkin hannu a gaba.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi gida. Feda biyun nan da ke hannuna kamanninsu ɗaya, amma ba a musayarsu. Ku duba gindin sandar, za ku ga harafin R a ɗaya, L a ɗayar. Mai R ta dama ce, ana ɗaure ta yadda hannun agogo ke tafiya, kamar kowane noti. Mai L ta hagu ce, zarenta a juye yake, ana ɗaure ta saɓanin hannun agogo. An yi haka ne domin taku yana sa sanda ta riƙa mirginawa a hankali cikin raminta, kuma da zaren hagu irin na dama ne, da tafiya kanta za ta kwance ta. Hanya mai sauƙin tunawa ita ce, idan sifana na tsaye sama, turawa wajen tayar gaba ɗaurewa ne a kowane ɓangare, jawowa wajen tayar baya kwancewa ne. Na ga hannun feda da yawa da aka lalata saboda wani ya dage da ƙarfi yana cusa ta hagu a dama. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kaurin sandar ma iri biyu ne. Yawancin kekunan manya 9/16 na inci ne. Kekunan yara da waɗanda hannun fedarsu ƙarfe guda ne lanƙwasasshe, rabin inci ne. Ido ba ya saurin bambance su, saboda haka mai sayen feda ya tafi da tsohuwar a gwada. A shafa giris a zaren, a fara ɗaurawa da yatsu har ta shiga zagaye uku ko huɗu ba gardama, sannan a kawo sifana mai lamba 15 a ƙarasa. In ta ƙi shiga da yatsu, a tsaya, akwai abin da ba daidai ba.

A wurin saye kuwa, a riƙe sandar a juya jikin fedar. Mai lafiya tana juyawa shiru. Wadda ke ƙara kamar an zuba mata yashi, boris ɗinta ya bushe ko ya farfashe. A girgiza ta gefe da gefe, kada ta yi wasa. A hau keken a ɗan zagaya, idan ka ji tafin ƙafarka yana lilo kamar kana taka kwale-kwale, sanda ta lanƙwashe, kuma irin wannan ce ke jawo ciwon gwiwa. Wani lokaci kuma ƙarar da ake ɗora wa feda daga kotar da ke riƙe hannunta take, sai a duba ta ita ma. Ƙurar hunturu tana shanye giris, ruwan damina yana wanke shi, don haka a buɗe a sa sabo sau biyu a shekara. Sannan a nemi mai ɗan madubin nan ruwan ɗorawa a gefe. A Birtaniya doka ta wajabta shi ga kekunan da aka ƙera bayan Oktoba 1985 idan za a hau su da dare, domin direba yana saurin gane hasken da ke hawa yana sauka. Yaranmu da ke fitowa da asuba a gefen titi sun fi kowa buƙatarsa.

Saboda haka, ya shugaba, ina gabatar wa wannan zaure buƙatu uku. Na ɗaya, a ware wani abu daga cikin kuɗin domin canza fedar duk keken da tasa ba ta gamsar ba, ko da hakan zai sa a rage keke ɗaya daga adadin da muka yi niyya. Na biyu, kada a sayi keke marar firiwil, komai kyansa da araharsa. Na uku, ranar rabo a ba ni awa ɗaya da yaran, in nuna musu hagu da dama, da yadda ake ɗora tudun tafin ƙafa a kan sanda maimakon tsakiyarta. Sifana da giris ni zan kawo, na kuma ɗauki nauyin zagayawa in duba kekunan a ƙarshen kowane zango muddin ina da lafiya.

Malamanmu da ke zaune a nan sun yi haƙuri da ni shekara guda fiye da yadda suka yi da sauranku. Ba na so wani yaro daga Wurno ko wani ƙauye ya sake ɗora wa malamansa irin wannan nauyi a kan keken da mu muka ba shi da hannunmu. Ga fedar nan biyu, zan ajiye su a kan tebur, duk mai so ya zo ya juya su ya gani bayan an tashi.