Asid Asetik a Hannun Bahaushe: Sunansa da Haɗarinsa

 Ina godiya ga waɗanda suka ga dacewar a fito da wannan lacca daga harabar jami'a a kawo ta nan Zauro, inda masu abin suke.

Na san akwai mai tambaya a zuci, me ya haɗa malamin Hausa da zancen asid, alhali ga malaman kimiyya nan zaune? Amsar ita ce, kayan masana'antu kan riga sunayensu isowa ƙasarmu. Abu ya zo, a yi ta ɗaukarsa ana saukewa, ana sayarwa, shekaru su wuce Bahaushe bai raɗa masa sunan da zai faɗi halinsa ba. A wannan tsakanin ne mutane kan ji ciwo. Saboda haka na zaɓi ruwa guda ɗaya tak, wanda masana ke kira asid asetik, domin mu duba abin da rashin suna ke jawowa.

Kowa a nan ya san ɗanɗanonsa, ko da bai taɓa jin sunan ba. Shi ne tsamin da ke cikin khal, watau ruwan nan da muka ari sunansa daga Larabci, wanda malamai ke karanta hukuncinsa a littattafan fiƙihu, mata kuma ke zubawa a kwaɗon ganye. A cikin khal, asid ɗin bai wuce kashi 4 zuwa 8 cikin 100 ba, saura duk ruwa ne. Shekaru dubbai a haka ɗan Adam ya san shi. A 1845 wani Bajamushe, Hermann Kolbe, ya haɗa shi a ɗakin gwaji ba tare da an tsima kome ba. Daga 1970 kamfanin Monsanto na Amurka ya fara yin sa da yawa daga metanol da iskar kabon monoksaid, kuma har yanzu daga waɗannan biyun ake samun mafi yawansa. Abin da ke fitowa daga irin waɗannan masana'antu tsantsa ne, kashi 99 ko fiye. Da shi ake yin gam da fenti da zaren poliyesta, har da robar gorar ruwan da muke sha. Fari ne garau kamar ruwan rijiya, warinsa kuwa warin khal ne, sai dai yana sukar hanci.

Da can, manyan masu amfani da shi a Arewa su ne masaƙu, tun daga wadda aka buɗe a Kaduna a 1957 zuwa na Kano, domin ana sa shi wajen rini da wajen kashe kaifin soda a jikin yadi. Yawancin masaƙun nan sun rufe, amma asid ɗin bai tafi da su ba. Yana nan a ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu, da hannun masu rinin zamani da masu aikin fata, da kantunan sayar da sinadarai. Yana kuma asibitoci, inda ake sirka shi zuwa kashi 3 ko 5 domin duba alamun sankarar bakin mahaifa. Bambancin da aka samu shi ne, a masaƙa akwai injiniya da ya san shi. Yanzu kuwa daga duro ake juye shi a jarka, daga jarka a gorar ruwa, takardar gargaɗin ta tsaya can jikin duron, cikin Turanci. Ɗan dakon da ya ɗauko, da direban da ya kawo, da yaron shagon da ya auna, ba wanda aka yi wa magana da harshen da yake ji.

To, wane suna suke ba shi? Wasu su ce asid. Amma asid a kunnen Bahaushe ruwan batir ne, kuma kowane bakanike ya san ruwan batir yana cin tufa, yana cin fata, amma ba ya kama wuta. Wanda aka ce wa asid zai kiyaye hannunsa, sa'an nan ya kunna taba kusa da jarkar hankali kwance. Wasu kuma su ce khal mai ƙarfi, ko ruwan tsami. Wannan ya fi na farko muni, domin tsami kalma ce ta gida, ba ta ba kowa tsoro: tsamiya, lemon tsami, nono mai tsami, duk abin baki ne. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, amma ba su taɓa nufin tsamin zai huda maƙoshi ba. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan ya faɗi rabin gaskiya ya ɓoye rabi. Abin sha'awa kuwa, harshenmu yana da fi'ili guda da ya ɗauke duka biyun, watau ci. Muna cewa asid ya ci riga, muna kuma cewa wuta ta ci rumbu. Wannan ruwa mai ci biyu ne.

Yanzu ina roƙon ku riƙe lambobi biyu, 17 da 39, domin a ganina a nan ne ƙasarmu ta sha bamban da ƙasashen da aka rubuta littattafan kimiyya dominsu.

Tsantsar asid asetik kan daskare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 17 a ma'aunin Salshiyas, ya zama kamar ƙanƙara. Shi ya sa Turawa ke yi masa laƙabi da mai ƙanƙara. A wasu dararen hunturu, a nan bakin fadama, sanyi kan kai haka. Mai shago ya buɗe da safe ya tarar da kayansa ya sandare, ga mai saye yana jira. Abin da zuciya za ta ba shi shi ne ya matsa da jarkar kusa da murhu, kamar yadda ake narkar da man shanu. Nan ne lamba ta biyu ke shigowa. Da zarar zafin asid ɗin ya kai digiri 39, tururin da yake fitarwa ya isa ya kama wuta in ya sami tartsatsi. Abin da ya kamata shi ne a sassauta murfin, a tsoma jarkar cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, nesa da wuta, a yi haƙuri har ya narke.

A Ingila ko Jamus, digiri 39 zafi ne da ba safai ake gani ba, saboda haka a ɗakin ajiya na can asid ɗin yawanci yana ƙasa da wannan iyaka. Mu fa? A watan Afrilu, daga Birnin Kebbi har Argungu, zafin inuwa kan wuce digiri 40. Ba a maganar cikin shago mai rufin kwano, ko bayan motar da aka ajiye a rana. Ma'ana, a bazara ba sai kowa ya ɗora shi a wuta ba, rana ta riga ta yi wannan aiki. Daɗin daɗawa, tururinsa ya ninka iska nauyi sau biyu, ba ya tashi sama ya watse, sai ya kwanta ya bi ƙasa. Idan ya taru har ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsin janareto ko na makunnin fitila ya wadatar. Mutum na iya cewa ai wutar tana can bakin ƙofa, ya manta tururin na iya tafiya ya same ta, ita kuma ta biyo shi har bakin jarka.

Cinsa ga jiki kuma yana da wata yaudara. Idan ya zuba a fata, ba lalle ba ne a ji zafi mai tsanani nan take. Mutum ya goge da gefen riga ya ci gaba da aiki, sai bayan sa'o'i wurin ya yi bororo. Duk abin da ya haura kashi 25 cikin 100 yana ƙona fata. A ido, ɗigo kaɗan na iya lalata gani har abada. Tururinsa yana sa hawaye da tari, in ya yi yawa ya tara ruwa a huhu, shi ma wani lokaci sai daga baya. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce kada ya wuce kashi 10 cikin miliyan a iskar wurin da ake yini ana aiki. Wanda ya sha kuwa, bayan ƙunar baki da maƙoshi da ciki, asid ɗin kan farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ƙoda ta tsaya. Likitocin Rasha sun fi kowa sanin wannan, domin a can ana sayar da mai ƙarfin kashi 70 a kantuna don aikin girki. Wanda ya tsira ma, maƙoshinsa kan tsuke bayan makonni, haɗiya ta gagara.

Kada a ɗauka sai marasa ilmi yake kamawa. Ran 27 ga Yuli 2021, a masana'antar LyondellBasell da ke La Porte a jihar Teksas ta Amurka, ma'aikatan kwangila suna ƙoƙarin cire wani sashe na makullin bututu, sai suka kwance ƙusoshin da ke riƙe da murfinsa. Sama da tan 70 na asid asetik mai zafi, gauraye da wasu sinadarai, ya ɓarke. Mutum biyu suka mutu, aka kai wasu kamar 30 asibiti. Hukumar da ta yi bincike ta gano ba a ba su rubutaccen tsarin yadda za su yi aikin ba. A can ma, ashe, magana ce ba ta isa kunnen mai riƙe da sifana ba.

Zancen ajiya ba shi da tsawo. A bar shi cikin mazubinsa na asali, na kwalba ko roba mai kauri, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Kada a zuba shi a bokitin ƙarfe ko na tutiya, domin yana cin su, ya kuma fitar da iskar haidurojin mai fashewa. Ga malaman da ke kula da ɗakunan gwaji, akwai kuskuren da sunan ke jawowa: a jera duk abin da ake kira asid a kanta ɗaya. Wannan ba ya zama kusa da asid naitirik, ko famanganet, ko sodar sabulu. Wurinsa yana tare da abubuwa masu kama wuta. Mai juye shi ya sa tabarau mai rufe gefen ido da safar hannu ta roba mai kauri, ba irin siririyar nan ta asibiti ba. Wajen sirkawa, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba.

In tsautsayi ya auku, maganin farko ruwa ne, mai yawa, nan take. A tuɓe rigar da ya jiƙa, a yi ta kwarara ruwa a wurin minti 15 ko fiye. In ido ne, a buɗe shi da yatsu ruwan ya shiga. Kowane shago da buta, amma buta ɗaya ba ta minti biyu, don haka a tanadi randa ko duro cike kafin a buɗe jarka. A nan dole in saɓa wa al'adarmu. Mun saba in an sha guba a ɗura wa mutum manja ya yi amai. Ga wannan, amai ƙuna ce ta biyu, domin abin da ya ci maƙoshi da zai sauka zai sake cinsa da zai fito. Wani mai ɗan karatu kuma zai ce a ba shi kanwa ta kashe tsamin. Kanwa da asid in sun haɗu iska suke tayarwa, a cikin tumbin da ya riga ya raunana. A kurkure baki kawai, a ɗauki mutum da jarkar a nufi asibiti, ko na Sir Yahaya ko wanda ya fi kusa. Kada a shafa wa ƙunar ƙwai, ko man goge baki, ko toka.

Saura zancen hanya. Motoci na bi ta nan dare da rana tsakanin Birnin Kebbi da Argungu har Sakkwato, kuma ba mu manta da Majiya ta jihar Jigawa ba, inda a daren 15 ga Oktoba 2024 tankar fetur ta faɗi, jama'a suka taru ɗiba, sama da mutum 150 suka halaka. Duk motar da ka ga an rubuta 2789 a allonta, tsantsar asid asetik ke ciki, 2790 kuma wanda aka sirka ne. In ta zubar, a koma ɓangaren da iska ke fitowa, a kashe kowace wuta, a kira 'yan kwana-kwana. A tare ruwan da yashi ko ƙasa. Ɓuntun shinkafa ya fi kome yawa a nan, amma kada a zuba shi, makamashi ne. Kada kuma a kora shi da ruwa ya gangara fadama. Gaskiya ne gulbi mai gudu kan sirka shi, ƙwayoyin halitta su cinye shi cikin 'yan kwanaki, amma a rani, lokacin da Rima ta janye ta bar tafkuna, duro guda a tafki ƙarami ya isa ya kashe kifin da ke ciki, ya ƙone shinkafar da aka yi wa ban ruwa da shi. Masunta da manoman rani su ne za su biya.

A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin alamomin haɗari na bai ɗaya. A jikin duron wannan asid za ka ga guda biyu cikin jan zane mai kusurwa huɗu: harshen wuta, da ruwa yana ɗiga a kan hannu da ƙarfe. An yi su domin wanda bai iya karatu ba, amma hoto ma sai an koya wa mutum karanta shi, kuma ba ya bin asid ɗin zuwa cikin gora. Shawarar da nake kawo wa Sashen Hausa da Sashen Kimiyyar Sinadarai ita ce su zauna tare su buga 'yar takarda mai gam, da boko da ajami, a raba wa masu sayarwa su manna a kan duk abin da suka juye shi a ciki. Sunan da nake ba da shawara shi ne asid mai ci biyu, in malamai sun sami wanda ya fi shi, madalla. A ƙarƙashinsa layi huɗu sun isa: Ba khal ba ne, ba a sha. Yana cin jiki. Yana kama wuta, a ajiye a inuwa. In ya taɓa ka, ruwa mai yawa, sa'an nan asibiti.

Shugaba, a nan zan dakata domin tambayoyi.