Masaƙun Kakuri Da Yaran Da Ke Gabanmu



An nemi in yi magana a kan fargabar da ta cika gari, cewa na'ura za ta raba mutane da sana'o'insu. Fargabar tana da tushe. Ina masu tafireta da ke zama a bakin kotu suna buga wa jama'a takardu? Kwamfuta ta tashe su. To amma akwai wata asarar da ta fi wannan girma, kuma misalinta yana Kaduna.

A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, daga baya irin su Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. Dubban magidanta suka ci abinci a nan. Manomin auduga a Funtuwa da Gusau ya san inda amfaninsa zai je, mai tuwo a bakin ƙofar masaƙa ta aurar da 'ya'yanta, mai gidan haya bai rasa ɗan haya ba. A 2002 Kaduna Textiles ta tsaya cik, sauran kuma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Ku lura, ba sabon inji ne ya kori waɗannan ma'aikata ba. Suna nan riƙe da tsofaffin injuna, ga ƙarancin lantarki, ga tsadar baƙin mai, alhali masaƙun ƙasar Sin sun koma ga injin da ke harba zare da ƙarfin iska, ba ruwansa da ƙoshiya, mutum ɗaya yana lura da injuna da dama. Atamfarsu ta iso Kantin Kwari da arha, wata ma ta ɓarauniyar hanya, tamu ta rasa mai taya. Da masaƙunmu sun sabunta kayan aiki, da an rage wasu ma'aikata, babu shakka, kuma da ya yi ciwo. Da ba a sabunta ba, sai kowa ya rasa, har da manomin da bai taɓa ganin Kakuri ba.

Aikin da ke saura bayan inji ya shigo kuwa, na wanda ya iya karatu da lissafi ne. Ko yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS, idan bai iya karanta saƙon banki ba, kafin la'asar jarinsa ya tafi. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, amma har yau akwai ɗalibanmu da ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsu ke taɓa linzaminta. Wasu ma, mu faɗa wa kanmu gaskiya, suna barin aji shida ba su iya haɗa jimla ba, domin malami guda ne a kan aji cike maƙil.

Don haka nake roƙon wannan reshe, idan za a zauna da hukumar ilimi a zango mai zuwa, bayan maganar albashi da ƙarin girma, a sa batun ɗaukar ƙarin malamai a ƙananan azuzuwa, da horar da mu kanmu a kan kwamfuta. A kuma nemi sola kafin a nemi kwamfutar, don kada a kawo ta ta ƙare a ofishin hedimasta cikin kwalinta.