Gwajin Manhajar Kwamfuta: Sana'ar Da Ta Dace Da 'Ya'yan Zango

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da matasa na ƙungiya, a Agege



An nemi mu yi bayani a kan wata sana'a da ba a cika jin sunanta a zango ba, wato gwajin manhajar kwamfuta. Manhaja dai ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa don ta yi aiki. Ita ce a cikin wayar da kuke tura kuɗi da ita, ita ce a cikin na'urar POS da yaranmu suke zama da ita a bakin titi. Mutum ne yake rubuta ta, mutum kuwa ajizi ne. Saboda haka kamfani mai hankali ba ya sakin manhaja sai ya miƙa ta ga wasu ma'aikata, waɗanda aikinsu shi ne su nemo inda ta karkace kafin ta isa hannun jama'a.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin aiki ne. Ku ji abin da ya faru a Ingila. A shekarar 1999 Hukumar Gidan Waya ta ƙasar ta kawo wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu yake kula da ita, ta raba wa masu riƙe da ƙananan gidajen waya. Su waɗannan mutane kusan kamar wakilan POS ɗinmu suke: shago nasu ne, amanar kuɗi kuma tana wuyansu. Sai manhajar ta riƙa nuna giɓi a lissafi alhali kuɗi bai ɓace ba. Aka ce na'ura ba ta ƙarya, su ne ɓarayi. Daga 1999 zuwa 2015 an kai fiye da mutum 900 kotu, an ɗaure wasu, wasu sun sayar da gidajensu don cike giɓin da ba su ci ko sisinsa ba. Sai a 2019, bayan mutum 555 sun haɗa kai sun shigar da ƙara ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, babbar kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai. A 2024 majalisar dokoki ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Jama'a, wa zai mayar wa mutum mutuncin shekara 20? Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin maigidansa ya san nauyin wannan magana.

A watan Yuli na 2024 ma, wani gyara mai kuskure da kamfanin CrowdStrike ya tura ya tsayar da kwamfutoci wajen miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda.

To, yaya aikin yake? Alal misali an kawo manhajar tura kuɗi, an ce iyakarta naira 50,000. Mai gwaji ba zai tura 5,000 ya ga ta tafi ya ce shi ke nan ba. Zai gwada 50,000 cif, ya gwada 50,001, ya gwada sifiri, domin kuskure ya fi son ɓuya a bakin iyaka. Zai danna maɓalli sau biyu da sauri ya ga ko za a cire kuɗin sau biyu. Zai katse layi a tsakiyar aiki ya duba: kuɗin ya tafi, ya dawo, ko ya maƙale a hanya? Wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ba ya bukatar a fassara masa wannan. In ya sami kuskure sai ya rubuta rahoto: ga abin da na danna daki-daki, ga abin da ya kamata ya fito, ga abin da ya fito, ga irin wayar. Bayan an gyara ya sake gwadawa, har da sassan da suke lafiya tun farko, don sau da yawa garin gyaran gira ake rasa ido.

Abin da ya sa muka ce sana'ar ta dace da mu, wannan hali ne da aka haife mu a cikinsa. Dillalin goro ba ya yarda da saman huhu, sai ya zura hannu ƙasa ya duba ko sankara ta shiga. Mai sayen sa a Oko-Oba sai ya duba haƙora da tafiya. Ɗan canji kuwa da yatsa yake gane jabu. Rashin gamsuwa da abin da ido ya fara gani shi ne rabin aikin. Bugu da ƙari, yaron Agege yana tashi da Hausa da Yarabanci da Turanci da Buroka. Yawancin masu rubuta manhaja a Yaba da Lekki ba su san akwai ƙ da ɗ da ɓ ba. Ba za su yi tunanin gwada suna irin Mu'azu ko Sa'adatu ba, alhali wannan 'yar alamar da ke tsakiyar sunan ta sha rikita manhaja. Ɗanmu da sunansa kawai zai kama wannan. Kuma kamfanoni irin su Interswitch, Paystack, Moniepoint da OPay suna nan Legas, kasuwar Arewa kuwa suna sonta.

Amma fa kada mu yaudari kanmu. Ɗaya rabin karatu ne. Dole yaro ya iya rubuta Turanci bayyananne, don rahoton da ba a fahimta ba ba shi da amfani. Gwaji da hannu shi ne mashiga, sai dai tsayawa a nan haɗari ne, domin aikin maimaici na'ura ce take ƙwace shi, balle da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara rubuta gwaji da kansu. Wanda yake son ya daɗe ana yi da shi sai ya koyi harshen kwamfuta ɗaya, Python ko JavaScript, ya san SQL don leƙa rumbun bayanai, ya iya kayan aiki irin su Postman, Selenium da Playwright. Akwai kuma takardar shaida ta hukumar ISTQB, wadda aka kafa a 2002. Matakin farko tambaya 40 ce, wanda ya ci kashi 65 cikin 100 ya haye. Takardar tana taimakawa a kira ka ganawa, amma ba ta ba da aiki. A wajen ganawa cewa za a yi nuna mana kuskuren da ka taɓa kamawa. A tallan aiki, harufan QA za ku nema. Shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa wannan fanni cikin darussansa.

Wani abu kuma, aikin yana son juriya. Mai gwaji shi ne mai kawo labarin da ba a so, sau da yawa ana gobe za a saki kaya. Za a ce masa ƙyale wannan, ƙarami ne. In mai jin kunyar manya ne har ya yi shiru, to ya ci amanar aikin. Tarbiyyarmu ta kawaici tana da kyau, amma a nan sai yaro ya koyi faɗin gaskiya cikin ladabi, da hujja a rubuce.

Ga iyayenmu muna da roƙo. Yaron da kuka ga yana da bin diddigi, wanda kuke cewa ya cika tambaya, a rage masa zaman shago na awa biyu a yini. Kada a ware 'yan mata, domin wasu kamfanoni suna barin a yi aikin daga gida, muddin akwai wuta da intanet. Ga kasuwar Computer Village nan Ikeja kusa da mu, tsohuwar kwamfuta mai lafiya ta isa a fara. Kwamitin ilmi kuma muna roƙon ya duba ko asusun ƙungiya zai ɗauki kuɗin jarrabawar yara biyu ko uku a shekara.

Matasa kuwa ba sai kun jira kowa ba. Yau da dare kowa ya ɗauki manhaja ɗaya a wayarsa, ya nemo kuskure uku, ya rubuta su yadda muka bayyana, ya kawo wa sakataren matasa kafin taro na gaba. Da waɗanda suka kawo za mu buɗe aji.